Bugu Na Biyu Bayan Aya

Na ji ku jiya kuna dariya. Kada ku sunkuyar da kai, ba faɗa za ni yi ba. Na ji wanda ya ce "Tonto Tak-Tak ya iso", na kuma ji wadda ta ce aikin ga ko akuya anka ɗora bisa kujera sai ta yi shi, tun da haruffa na rubuce bisa maɓallai. Kun zo koyon bugun takarda shagon Rabi, ɗiyar ƙanwata, kun kuwa tarad da tsohuwar gardama tsakanina da ita: in an buga aya, sarari ɗaya za a bari ko biyu? Ita ta ce ɗaya. Ni babban yatsana ya ce biyu, shi ya sa kunka laƙa mini sunan, Tonto kuwa kawu ne da Faransancinku.

Ku jawo benci. Ranar kasuwar da ta wuce, kafin ku fara zuwa, wani tsoho ya shigo shagon ga don shi sa a kulle ɗan cikinai. Labarin nan nike so in ba ku. Amma ba za ku gane abin da Rabi ta yi ranar ba sai na fara muku daga gindin dogon yaro.

Can gaban biro, ofishin hukuma, gindin itacen dogon yaro bakin kwalta, nan Dogon Dutsi, maigidana Malam Namata ke aje teburinai. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, benci na masu jira, da mashin ɗin bugun takarda na baƙin ƙarfe mai nauyin buhun gero. Ni ke ɗauko shi bisa kai da safe, ni ke maida shi da marece. Damana ta zo ta wuce ban buga ko harafi ba. Aikina tsohon burushin haƙori da ɗan kananzir, in goge haruffa ɗaya bayan ɗaya. Da allura nike tono dattin da ke cushe cikin "e" da "o", don in ka bar shi, sai su fito baƙi ƙirin kamar an ɗiga kwalli. Na koyi sa zaren tawada, baƙi bisa, ja ƙasa. Na koyi jera takarda da karbon, a daidaita bakinsu bisa tebur kafin a murɗa su ciki. Na koyi jin ƙararrawar ƙarshen layi da kunne ko da mota na wucewa. Ranar da na fara taɓa maɓalli, sai da Malam ya rufe mini hannuwa da rawaninai don kada in duba.

Ku da kuke da maɓallin gogewa ba ku san tsoron ƙarfe ba. Harafi in ya faɗa bisa takarda, ya faɗa. Ana kankarewa da reza, amma na bisa kaɗai kake kankarewa, na ƙarƙashin karbon na nan suna kallonka. Kuskure ɗaya, sai a zare duka a fara daga bismilla.

Sarari biyun kuwa, ba Malam ya ƙago shi ba, haka anka koya mishi, kuma da dalili. Mashin bai san babba da yaro ba. Ɗakin da ya ba "m" mai ƙiba shi ya ba "i" siririya, shi ya ba aya. Takarda duk ta cika da ƴan sarari, ido ba shi gane inda magana ta ƙare. Sai a ƙara ɗaya bayan aya don mai karatu shi numfasa. Wanga shi ne abin da ke cikin littafin koyo. Abin da Malam ke yi tsakanin bugu na farko da na biyu, shi babu shi cikin littafi.

Wani manomi daga Tibiri ya zo wata safiya, za shi aika wa ƙanenai takarda Abijan. An yi gaisuwa, an buga. An faɗi labarin damana, an buga. Malam ya sa aya, ya bugi dogon sandan nan na sarari sau ɗaya, tak, ya ɗage hannuwa, ya dubi mutumin.

"Sai mi?"

Mutumin ya ce, "Ka ce mishi tun da bai zo zaman makokin uwarmu ba, daga yau ba ni ba shi."

Malam ya maida mishi maganar a hankali, da muryar da ba zafi ba sanyi: "Tun da ba ka zo makokin uwarmu ba, daga yau ba ni ba kai. In buga?"

Mutumin ya ji maganatai ta fito daga bakin wani. Ya sosa ƙeya, ya dubi kwalta. Can ya ce, "A'a. Ka ce mishi ta yi ta kiran sunanai."

Tak. Malam ya yi bugu na biyu, sannan ya fara jimla.

Haka shike yi da kowa, kowace aya. Bugu na farko na rufe maganar da ta wuce, na biyu ba ya sauka sai mai magana ya ce a buga ta gaba. Na taɓa tambayarshi ko wata hikima ce. Ya ce, "Hikimar mi? Takarda tsada gare ta. Mutane suna canza magana, ni kuwa ba ni son zarewa." Ban taɓa jin ya ƙara komi bisa wanga ba.

Shekara ɗaya kaɗai na ga ya bar bugu na biyu, ita ce muguwar shekararmu. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi. Ciyawar arewa ta ƙare da wuri, shanu sunka gangaro tun ba a yi girbi ba, sunka faɗa ɗan abin da ya tsira cikin gonaki. Daga nan sai ƙara. Manomi ya kawo ƙarar makiyayi, makiyayi ya kawo ƙarar wanda ya sare mishi sa. Benci ya cika, layi ya kai bakin kwalta, na baya suna ihu a yi sauri kada biro shi tashi. Takarda ta yi wuya cikin gari, muna raba ɗaya biyu, muna matse magana kamar an cusa fasinja cikin motar kasuwa. Zaren tawada ya bushe, ina ɗiga mishi kananzir don shi ƙara kwana. Malam ya duƙa bisa mashin, abin da anka faɗa shi ke sauka, ba ɗaga kai, ba "in buga". Mun samu aiki a shekarar fiye da kowace shekara. An kulle mutane da yawa da takardunmu, har da maƙwabtan da ke shan ruwan rijiya ɗaya tun kakanni. Waɗansu gidajen har yau ba su zuwa sunan juna. Da rani ya yi, layi ya watse, Malam ya koma bugu biyu. Sai dai tun daga sannan, in takardar ƙara ce, jiranai ya fi na da tsawo.

Daga baya idonai ya fara hazo, ya koma gida, ya bar mini mashin. Allah shi jiƙan shi. Sai wayar hannu ta zo ta cinye wasiƙa, kowa ya koma kiran ƙanenai shi zage shi da bakinai, ba mai ce mishi "in buga". Ni kuwa na ɗauki ƙafa.

Na buga takarda Gaya bakin iyaka, na buga Yamai, na buga Agadas inda rairayi ke shiga mashin shi riƙa kuka kamar jaki. Na ƙetara Birnin Kabi da Sakkwato, na tarad da mashin ɗinsu haruffa duk sun yi ƙaura, "a" ta tashi daga gidanta ta koma wani, na yi kwanaki ina buga abin da ko aljani ba shi karantawa. Can ma biyu suke bari. Kwatanu na yi aiki wurin wani mai ɗab'in littattafai, shi ne ya fara ce mini ɗaya ake bari, biyu aikin ƴan gindin itace ne. Na ce mishi gaskiya ne, gindin itace anka haife ni. Ko'ina na je gardamar na nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya canza wa wani ra'ayi ba. Mutum shi bar garinsu, shi bar tuwon gidansu, amma ba shi barin abin da babban yatsanai ya saba.

Da na dawo gida na tarad da Rabi ta buɗe shagon ga da ordinata, wato kwamfuta. Rabin da ke rarrafe ƙarƙashin teburina tana tsintar guntun karbon tana shafa wa fuska. Ta ba ni kujera ta mutunci, ta ba ni aikin wani ɗan makaranta in buga. Da ta duba sai ta kama kai.

"Kawu, dubi! Ramu ko'ina. In na daidaita gefe da gefe sai su buɗe, su sauko tsakiyar takarda kamar hanyar ruwa. Un seul espace, Kawu, ɗaya!"

Na ce, "Haka anka koya mini tun uwarki na goyo."

"Mashin anka koya maka. Wagga tana auna wa kowane harafi ɗakinai, ta san aya, ta san abin da za ta bari. Kai kana ƙara wa miya gishiri bayan an sa."

Ku ji da kyau, don ba kullum nike faɗin haka ba: tana da gaskiya. Na duba takardar da idona, ramun na nan. Amma yatsa ba shi jin Faransanci. Na yi ta bugu biyu, tana bi tana sharewa, har ta gaji ta ɗauke ni daga ordinata ta maida ni bakin ƙofa, ina tarbar mutane, ina yi wa masu Fulatanci da Zabarmanci tafinta.

To, ranar kasuwar nan, hantsi ya ɗaga, sai ga wani dogon tsoho da malafa da sanda, riga shuɗiya, takalmin roba. Jauro Bube, daga rugar da ke bayan Kore Mairuwa. Na san shi tun zamanin dogon yaro. Kun san mu Arawa da Fulani taubasai ne, ba mu gaisawa sai da tsiya.

Na ce, "A'a, bawana ya shigo birni! Wa ka bar wa shanuna?"

Kullum in na faɗi haka sai shi ce yaushe Ba'are ya mallaki ko kaza. Ranar bai ce ba. Ya ce, "Ina mashin ɗinka? Takardar ƙara nike so."

Na ce mashin ya tsufa, zarenai ma ba a samu yanzu, ga ɗiyata za ta buga. Ya dubi Rabi, ya dubi ordinata, ya zauna bakin benci, sanda tsakanin ƙafafu.

Rabi ta ce, "Sannu da zuwa, Baffa. Ƙarar wa?"

"Umaru."

"Umaru wa?"

"Umaru Bube. Ɗana."

Abin da ya faru shi ne, Jauro na da wata saniya, Saige. Ba ita ta fi sauran girma ba, amma daga shanun uwatai ta fito, uwar Saige da kakarta duk a hannunai anka haife su. Umaru ya daɗe shina roƙo a sai mishi babur shi yi kabu-kabu, ya ce kiwo ya ƙare, burtali duk ya zama gona. Uban ya hana. Sai yaron ya kore Saige ya ƙetara iyaka da ita, ya saida, ya sawo babur. Da Jauro ya bi sawu, an riga an loda ta mota an yi kudu. Umaru kuwa na nan tashar Dogon Dutsi shina ɗaukar fasinja, bai koma ruga ba tun ranar.

Rabi na da hannu, kun gani da idonku. Tsoho na faɗi da Hausa, tana juyawa Faransanci, yatsunta na gudu kamar ruwa bisa kwano. Sunanai, rugarsu, kamannin saniya, farin goshi da tsagar kunne, ranar da ta ɓace, wanda ya ga Umaru da ita bisa hanya. Kafin shi rufe baki ta sa aya. Ni ina bakin ƙofa ban sa baki ba. Aikinta ne, shagonta ne, kuma abin da tsohon ya faɗa duk gaskiya ne. Mai bugun takarda ba alƙali ba ne. Wanda ya zo da ƙara, haƙƙinai ne a buga mishi.

Sai anka zo ƙarshe, wurin da mai ƙara ke faɗin abin da shike nema. Jauro ya buga sanda ƙasa.

"Ki ce ina so jandarma su kama shi su kulle. Ɓarawo ne."

Na ji tak ɗaya. Ban ji komi bayanta ba. Na waiwaya, sai na ga hannuwan Rabi bisa cinyarta, ta juyo da kujera tana duban tsohon.

Ta ce, "Baffa, ka ce kana so jandarma su kama ɗanka Umaru su kulle shi, ɓarawo ne. In buga?"

Ban taɓa koya mata ba. Ƙarƙashin tebur ta ji shi.

Jauro ya ce, "Mi kike jira? Ba ki ji ni ba?"

"Na ji, Baffa. Ka ce buga, in buga."

Bai ce ba. Fanka na juyawa, wani yaro na kiran ruwan sanyi waje. Tsohon ya dubi allon ordinata, inda ɗan sandan nan ke ƙyaftawa bayan aya, ko da shike ba shi karatu. Sannan ya juyo wurina.

"Kai Ba'are, ka yi yawon duniya. In sun kama shi, da igiya za su ɗaure shi?"

Na ce, "Da ƙarfe."

"Gaban mutane?"

"Inda sunka same shi. Tasha ce, ranar kasuwa ce."

"In ya kwana biyu ya ji jiki, na zo na ce na yafe, sai su sake shi?"

Na ce, "Wataƙila. Na ga inda anka saki, na ga inda anka ce magana ta wuce hannunsu ta tahi wurin alƙali. Takarda in ta shiga biro, Jauro, ba ta jin Fulatanci. Sunanai kuma shina nan rubuce ko bayan ranka."

Ya ce, "Saige ba ta dawowa."

Na ce, "Ba ta dawowa."

"Ko an kulle shi."

"Ko an kulle shi."

Ya duƙar da kai bisa sanda. Wata mata ta leƙo da takardun fotokofi, Rabi ta ɗaga mata hannu ta jira. Tsohon ya fara magana, ba da mu ba, da ƙasa. Ya ce ranar da anka haifi Saige ruwa ake, Umaru ne ya ɗauko ta bisa wuya ya kawo ta inuwa, shi ko tsawon sandan ga bai kai ba. Ya ce da wata ya ɗauka cikin garke, da ko kallo bai bi shi da shi ba. Ya ce yaron ya san wadda ya ɗauka.

Rabi ba ta motsa ba. Hannuwanta na nan inda suke.

Can ya ce, "Ɗiyata, fid da takardar haka nan."

Rabi ta ce, "Baffa, haka nan ba ta nemi komi ba. Labari ne kawai. In ka kai musu, za su tambaye ka mi kake so."

"Na sani. Fid da ita."

Ta fid da ita. Ya karɓa da hannu biyu, ya dube ta ta kai, ya dube ta ta gindi, ya naɗe, ya cire malafa ya sa ciki, ya maida bisa kai. Ya sallame mu ya fita.

Kun san in ka fita ƙofar ga, jandarma na hannun dama, tasha na hagu. Ni da Rabi munka tsaya bakin ƙofa kamar marasa aiki. Ya daɗe tsaye bakin kwalta, har wata babbar mota ta wuce ta rufe muna shi. Da ta wuce, munka hango malafa ta yi hagu.

Abin da sunka ce wa juna tasha, ban sani ba, ban kuwa tambaya ba. Bayan azahar ina zaune nan inda nike yanzu, sai ga babur tahe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Saurayi gaba, ido ja, ba shi duban kowa. Jauro Bube baya, a sandare, sanda gicciye bisa cinya, hannu ɗaya dafe da malafa.

Na ɗaga murya na ce, "Yau ga Bafillace bisa ƙarfe! Riƙe da kyau, bawana, kada ka zubo!"

Bai yi dariya ba, amma ya amsa. Ya ce, "Saige ce na hau, Ba'are. Ita za ta kai ni gida."

Sunka bi kwalta sunka yi wajen Kore Mairuwa.

Da na koma ciki na tarad da takardar na nan buɗe bisa allo. Na ce wa Rabi, "Sarari nawa kinka bari can ƙarshe?"

Ta ce, "Ɗaya, Kawu. Ƙirga."

Na ce, "Na ƙirga. Na biyun ne ba a ba ki iznin bugawa ba."

Ta ce in tahi in sha shayina.

Kada ku ce na ce muku an shirya. Takardar na cikin malafa, kuma jimla ɗaya ta rage mata. Ranar da ya ga dama, za shi iya dawowa shi ce a ƙarasa, kuma in ya ce buga, wanda ke bisa kujera sai shi buga. Abin da na sani, yau da safe na ga Umaru tasha shina goge babur, da ƙullin fura rataye ga madubi, irin wadda ake damawa ruga.

To, ku bar sarari ɗaya, kamar yadda mai shago ta ce, kada ta kore ku ta ce ni na ɓata ku. Ni yatsana ya riga ya tsufa, da biyu za a rufe shi.

Ga wata mata can bakin ƙofa tun ɗazu, ta ƙi zama, tana ta murza bakin zane. Na san irin tsayuwar ga, ba fotokofi ta kawo ba. Ke mai maganar akuya, tashi ki hau kujera.